Da an gama gaisuwa sai bakina ya mutu, ta ina ake fara hira da mutane?

"Assalamu alaikum Malam. Ni Bahaushe ne amma a Legas aka haife ni, a Agege na tashi, yanzu wata biyar kenan da aka yi min taransifa zuwa Kano. Hausa ina ji ina yi, matsalata ita ce da an gama ina kwana ina gajiya sai in rasa abun cewa in koma kan wayata, yanzu har na ji ana cewa wai ina da girman kai. Kuma gaskiya ni gaisuwar nan kamar ƙarya take min, mutum ya sha gosulo awa ɗaya a ce masa ina gajiya ya ce ba gajiya. Rannan na so in ja hira da wani dattijo a ofis ɗinmu na ce masa Baba ya matarka, yaranka nawa, sai na ga fuskarsa ta canja. Don Allah mene ne laifina, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka da kyau tambaya uku ka dunƙule waje ɗaya, me ya sa ake amsa gaisuwa da abun da ba shi ne a zuciya ba, me ake cewa bayan ta ƙare, sannan ina iyakar abun da ake tambayar mutum game da gidansa. Kuma tun daga yanzu ka kwantar da hankalinka, ba Hausa ce ba ka iya ba, ga ta nan ka rubuto ta tsaf. Na kusa shekara ashirin ina koya wa manya Hausar baka a nan Kano, 'yan bautar ƙasa da nas-nas da likitocin da ake turowa daga kudu, da kuma 'ya'yanmu irinka da suka tashi a Legas ko Fatakwal ko zangon Kumasi, kuma wallahi ku kun fi ba ni tausayi. Bayarabe ko Ibo in ya ce sannu kawai sai a hau yi masa tafi ana cewa kai ya iya Hausa, kai kuwa sunanka namu kamanninka namu, ba wanda zai maka uzuri, da ka yi shiru sai a ce miskili ne ko yana ji da kansa don ya zo daga Legas.

Maganar ba gajiya

Abu na farko da nake gaya wa ɗalibaina shi ne gaisuwa ba tambaya ba ce ko da ta zo da siffar tambaya. Wanda ya ce maka ina gajiya ba rahoton jikinka yake nema ba, cewa yake na gan ka, na san ka sha hanya, kuma ba komai tsakanina da kai. Kai ma da ka ce ba gajiya cewa kake na karɓa, ni ma lafiya lau nake da kai. Masana harshe sun daɗe da lura da wannan, wani masanin al'adu ɗan ƙasar Folan mai suna Malinoski tun 1923 ya yi rubutu a kan irin maganar da ba labari take ɗauke da shi ba, aikinta kawai ta ɗaura zumunci tsakanin masu yin ta, kuma ba mu kaɗai ke da ita ba. Kai da ka tashi a Agege ai ka fi ni sanin na Yarbawa, e ku ise ɗinsu shi ne sannu da aikinmu, kuma inda mu muke cewa kwana biyu su kwana uku suke cewa, e ku ojo meta, alhali wataƙila wata shida rabon da a haɗu. Ba ka taɓa kiran wannan ƙarya ba ai.

Namu yana da wani ƙari, shi ne godiya ke riga koke fita. Je ka asibiti ka ga wanda ko zama ba ya iya yi, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Wanda aka yi wa rasuwa jiya ka ce ya haƙuri ya ce alhamdulillahi. Ɗan kasuwar da tun safe ko buɗin kasuwa bai yi ba ka ce ya kasuwa ya ce mun gode Allah. Duk wanda ke wajen ya san halin da ake ciki, ba wanda aka yaudara, to ina ƙaryar take.

Amma ga inda kai kake tsayawa alhali nan ne hirar take farawa. Gaisuwa zagaye biyu ce. Zagayen farko na al'ada ne, amsoshinsa a haddace suke ba a canja su, ina kwana lafiya lau, ina gajiya ba gajiya, ina aiki da godiya, ya gida lafiya ƙalau, ina labari sai alheri. Zagaye na biyu shi ne naka, nan ake faɗin gaskiyar lamari. Mutumin da ya ce maka ba gajiya ɗin nan, in ka ɗan dakata ka ce kai amma yau ka sha hanya, sai ka ji ya ce bari kawai, tun daga Kurna muke tafiyar hawainiya wata tirela ce ta lalace, shikenan hira ta buɗe. Kai kuma daidai wannan lokacin ne kake zaro waya, shi kuwa a wajensa kamar ya buɗe maka ƙofar zaure ne ka juya ka tafi.

Kuma ko a zagayen farkon akwai alamu in kana saurare. Lafiya lau daban, lafiya dai daban. In ka ji an ce to alhamdulillahi dai, ko ana nan ana fama, ko sai a hankali, ko sai addu'a, to akwai magana a ƙasa, wannan 'yar dai ɗin ita ce ƙofar. Ba sai ka kutsa ba, ka ce Allah ya sa dai lafiya, in yana so zai faɗa in ba ya so zai ce lafiya lau wallahi, kai kuma ka bar ta a nan.

Zafi, sanyi da ruwa

In kana neman abun da za ka fara da shi wanda ba zai taɓa ja maka matsala ba, yanayi ne. Sai dai ka sani a Kano maganar yanayi ba ta sararin sama ba ce kawai, maganar gona ce da lafiyar yara da wutar NEPA da kuɗin abinci. Darakta a ofis ɗinku da masinjansa kusan duk suna da gona ko a ƙauyensu ko ta haya, wanda ba shi da ita yana da ɗan'uwan da yake aika wa kuɗin taki, saboda haka kowa yana da abun cewa.

Ka riƙe yadda shekara take tafiya. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafin da yake haura digiri 40, ana cewa ya muka ji da zafi a amsa da lokacinsa ne, daga nan sai maganar rashin wuta da kwana a tsakar gida da tsadar ƙanƙara da sola, da tsoron sanƙarau da ƙyanda ga yara. Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni kowa ido ya koma gabas, tambayar ita ce ruwa ya sauka a wajenku kuwa, kun yi shuka. Yuli ana noma ana kukan kuɗin taki, Agusta marka, ranar da za a wuni ana yayyafi, hirar ta koma katangar da ta faɗi da kwatar da ta toshe da zazzaɓin cizon sauro. Oktoba da Nuwamba kaka, ya amfanin gona, buhu nawa ake sayar da masara da gero a Dawanau, wannan kam ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yana bibiya tunda shi ke nuna yadda tukunya za ta kasance. Sai hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ina sanyi, mura da tari da kaushi, da hazon da wani lokaci yake hana jirgi sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. In azumi ya shigo kuwa komai ya koma ya ibada, an sha ruwa lafiya.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai, kar ka yi ƙorafin ruwan sama yadda ake yi a Legas. Can ruwa gosulo ne da ambaliya da ɓata rana, nan rahama ce da aka yi wata bakwai ana jira. Amsar ina ruwa ita ce ruwa ya yi gyara. Na taɓa samun wata ɗaliba nas, wata shekara ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka har an fita roƙon ruwa, ranar da ya sauka ta shigo wajen aiki a jiƙe tana cewa wannan ruwan ya dame ta ya ɓata mata takalmi, a gaban wani dattijo mai shara da geronsa ya fara bushewa a ƙauye. Bai ce mata komai ba amma sai da ya yi sati yana amsa mata gaisuwa a daƙile, ita kuma ta rasa dalili har sai da ta kawo min labarin. Ko ambaliya aka yi cewa ake ruwan ya yi yawa bana Allah ya sa mai amfani ne, Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara.

Hanya

Wannan kam a Kano rijiya ce da ba ta ƙafewa, kuma kai ka fi kowa jari a nan tunda daga babban birnin gosulo ka fito. Tambaya ɗaya tak, ta ina kake biyowa, tana iya cinye minti goma. Mutumin Rijiyar Lemo yana da labarinsa, na Hotoro da Mariri yana da nasa, na Na'ibawa da Unguwa Uku zai ba ka labarin tireloli, wanda ke ratsa Kwari ko Bata da yamma kuwa sai dai ka ce masa sannu. Kai baƙo ne, kuma baƙo yana da wata dama da ɗan gari ba shi da ita, ta tambaya. Ka ce ni fa daga Kabuga nake zuwa wace hanya ta fi sauƙi da safe, za ka ga mutum uku sun taso maka kowa yana cewa tasa ta fi, su yi ta musu kai kana gefe, ka shiga hira kenan ba tare da ka yi wata doguwar magana ba.

Yana da kyau ka san ɗan tarihin abun don in ana magana kar ka zama kurma. Adaidaita sahun da kake hawa sunan ya samo asali ne daga wani shirin gyaran tarbiyya na zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an kawo kekunan ne da farko don mata su daina hawa acaɓa, sunan shirin ya bi keken har yau. Acaɓa kuwa an hana shi a birnin Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, daga nan ne adaidaita ta cika gari. Duk wanda ya haura shekara talatin yana da labarin zamanin acaɓa, ka tambaya ka sha labari. Sai babbar magana wadda har yanzu ba ta tsufa ba, cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Mutane da yawa a ofisoshi tun lokacin suka jingine mota suka koma babur ko adaidaita ko haɗa kuɗin mai da maƙwabci, don haka nawa kake kashewa a hanya yanzu tambaya ce da ake yi ba kunya, duk da ba a tambayar nawa ne albashinka.

To amma nan ne santsin yake. Daga kuɗin mai zuwa siyasa taku ɗaya ne, kuma siyasar Kano ba irin wadda ake taɓawa da wasa ba ce, akwai mai jar hula akwai wanda ko ganinta ba ya son yi, ga rikicin masarauta da ya sake tashi a 2024 wanda ya raba kan har 'yan gida ɗaya, kuma duk suna zaune a ofis ɗaya da kai ba ka san wane ne wane ba. Shawarata ka tsaya a kan farashin, kar ka tsallaka zuwa wa ya jawo. In an tsallaka da kai ka ce Allah dai ya kawo mana sauƙi, wannan addu'ar ba ta da jam'iyya. Haka ma saɓanin Izala da ɗariƙa, wata biyar bai kai ka sa baki ba, shekara biyar ma ni ban ga ribar ba.

Maganar aiki ba ta da yawa. Sannu da aiki, ya ƙoƙari, ya fama da jama'a ga wanda yake hulɗa da mutane, in wata ya yi nisa kuma tsakanin sa'anni akwai alat ya shigo kuwa, wannan kowa zai yi dariya. Abun da zan ce ka kiyaye shi ne gulmar oga, sabon zuwa ana yawan gwada shi da ita, wani zai zo ya fara kushe shugaba don ya ji me za ka ce, kuma magana zarar bunu ce. Ka ce ai ni har yanzu ina koyon wajen ne. Sannan maigadi da direba da masinja da mai shara, ka riga su gaisuwa ka tsaya ka yi ta cikakkiya, wallahi su ne gidan rediyon ofis, in maigadi ya ce yaron nan na Legas akwai gaisuwa to maganar girman kai ta mutu cikin sati biyu, na ga hakan ba sau ɗaya ba.

Inda ka taka wa Baba sawu

Yanzu ga ainihin abun da ya dame ka. Kuskure biyu ka yi a jimla ɗaya, kuma ba don kana da mugun nufi ba. Na farko ya matarka. A wajenmu namiji ba ya tambayar namiji matarsa kai tsaye haka, ballantana yaro ga dattijo, ballantana ka kama sunanta ko da ka sani. Kunya ce da kuma kishi. Shi ya sa harshen ya tanadi kalmomin da suke rufe abun, ya iyali, ya gida, ya mutanen gida, ya yara. Iyali ɗin nan ya haɗa mata ko ɗaya ce ko huɗu, ka ga ka tsira daga wani ramin ma, don ba ka san ko mata nawa gare shi ba, ko an rabu, ko ta rasu. In shaƙuwa ta yi nisa tsakanin abokai za ka ji ana ya uwargida ko ya amarya ko ya madam, amma wannan sai sa'anka wanda kuka saba, kuma shi ma da lafazin girmamawa ne.

Na biyu yaranka nawa. Dattawanmu da yawa ba sa son ƙirga 'ya'ya, wasu tsoron baki da kambun baka, wasu kunya ce kawai, wani kuma in ka ce nawa sai ka tuna masa waɗanda ya binne, wani Allah bai ba shi ba gaba ɗaya kuma kowa a ofis ya sani ban da kai. Shi ya sa in an matsa sai ka ji an ce suna nan da dama, ko alhamdulillahi Allah ya ba mu. Akwai ma alkunyar ɗan fari, har yanzu akwai iyayen da ba sa kama sunan ɗansu na farko, musamman uwa, sai dai yaron nan ko wani laƙabi, ka ce mata ya sunan babban ɗanki sai ka ga ta kau da kai ta bar wani ya amsa. Matasan yanzu a birni sun sassauta wannan sosai, sa'anka zai iya nuna maka hoton 'yarsa a waya ya gaya maka sunanta da ajinsu, amma mai furfura ka ɗauka yana kan ta da har sai ya nuna maka ba haka ba.

Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce a maganar iyali kai ba ka buɗe ƙofa, amma in mai gidan ya buɗe to shiga wajibi ne. In ya ce jiya ban yi barci ba ƙaramin ne ba lafiya, ka ce subhanallahi me ya same shi, an kai shi asibiti, Allah ya ba shi lafiya. Sannan, kuma wannan shi ne sirrin gaba ɗaya in akwai wani sirri, gobe da safe bayan ina kwana ka ce ya mai jiki. Ba wata fasahar baki a ciki, tunawa ce kawai. Wanda ya ce maka 'yarsa tana rubuta JAMB ka tambaye shi ya jarrabawar, wanda ya je ƙauye biki ka ce ya gajiyar biki ya aka baro su, wanda aka yi wa haihuwa ka ce barka ya mai jego, yaushe ne suna, kuma ranar sunan ka daure ka je ko minti goma ne da safe a ƙofar gida, ta'aziyya kuwa ko ba a gayyace ka ba ka bi ayarin ofis. Mutanen da ake cewa sun iya hira yawancinsu ba surutu suka fi mu ba, abun da aka gaya musu jiya suke dawowa da shi yau. Ni da kaina lokacin da ɗalibai suka min yawa har ɗan littafi na taɓa ajiyewa ina rubuta wane mahaifiyarsa ba lafiya wane yana gini, ba abun kunya ba ne.

Ga abokan aiki mata kuma, matar aure ka ce Hajiya ko Malama ina kwana, ya gida ya yara, ya maigida, wannan ba laifi. Mai juna biyu ko cikin ya fito ba ka ambatonsa, iyaka ya jiki, sai ta sauka ka yi barka. Wadda ba ta da aure kar ka ce yaushe za mu sha biki, wadda ta yi aure shekara uku ba haihuwa kar ka ce har yanzu shiru, na san za ka ji wasu suna yi, ka bar su da halinsu, yana ƙona rai fiye da yadda suke zato.

Shi Baban kuwa kar ka je da dogon ban haƙuri, za ka sake tayar da abun ne ka sa shi jin nauyi. Gobe ka same shi a inda yake zaune, kar ka gaishe shi kana tafiya ko daga nesa, ka ɗan russuna ka ce Baba an tashi lafiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ka bari ya gama amsawa. Bayan kwana biyu haka ka ce masa Baba ni fa a Legas na tashi, in kun ga na yi wani abu ba daidai ba a riƙa gyara min. Ban taɓa ganin dattijon da aka gaya wa haka bai sauko ba, sau da yawa ma shi zai koma mai kare ka a ofis ɗin. Kuma ka lura na ce kun ba ka ba, jam'in girmamawa yana aiki sosai wajen manya.

Sauran 'yan dabaru

Waya ta zauna a aljihu minti biyar na farkon shigarka. Sallar azahar ka bi su masallacin ofis, tafiyar da dawowar nan ake rabin hirar rana. In ana cin abinci aka ce bismillah ko ka ƙoshi ka matso ka ɗan taɓa ko ka ce alhamdulillahi a ci lafiya da fara'a, kai ma in naka ya zo ka yi tayi, cin abinci kai kaɗai a tebur ba tayi yana daga cikin abun da ke sa a ce mutum yana da girman kai, kuma ina zargin kana yi. In kana kallon ƙwallo to ka huta, safiyar Litinin ba ta buƙatar wata dabara, ka dai san wa ke Arsenal wa ke Madrid wa ke Pillars. In an fara tsokanarka ana ce maka ɗan Legas ana kwaikwayon Hausarka kar ka ji haushi, an karɓe ka kenan, Bahaushe ba ya tsokanar wanda yake jin nauyinsa. Za ka ma ji Bakano da Bazazzagi suna yankar juna, ko Bafulatani da Babarbare kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, wasan barkwanci ne na tun kaka da kakanni ba faɗa ba ne, ka tambayi iyayenka asalin garinku don ka san su wa ne abokan wasanka, wannan kaɗai yana iya ba ka aboki a rana ɗaya.

Sai dai in faɗa maka iyakar abun da na kawo. Duk wannan daga Kano ne kuma daga zaman ofis da makaranta da asibiti inda na yi aiki, in aka mayar da kai Sakkwato ko ka tsallaka Maraɗi za ka tarar lafazin ya ɗan canja kuma gaisuwar ƙauye ta fi ta birni tsawo nesa ba kusa ba, sa'anninka kuma wani lokacin ya ne, ya kake, shikenan sun gama, kar ka je ka jera musu ina gajiya ina labari su yi maka dariya. Kuma ba zan iya mayar da mai shiru mai surutu ba, ba ma buƙata, muna da mutane masu kawaici da ake girmamawa ƙwarai, bambancinsu da miskili shi ne gaisuwarsu cikakkiya ce kuma ana ganinsu a suna da jana'iza. Amma in abun naka ya wuce rashin sabo, misali ko a Legas haka kake, gabanka yana faɗuwa gumi yana keto maka in za ka yi wa mutum magana har kana canja hanya don kar ku haɗu, to wannan ya fita daga fannina, likitan da ya san matsalar damuwa ya kamata ka gani kuma ana samun sauƙi.

Na kusa mantawa, mutane da yawa abun da ke sa su tsoron fara hira shi ne ba su san yadda ake fita daga cikinta ba. Ba a yanke ta kawai a juya. Ka jira ɗan gibi ka ce to bari in leƙa tebur, ko bari in je kar oga ya neme ni, shi zai ce to ba laifi sai an jima. In lokacin tashi ne ka ce sai da safe a gaida gida, zai ce gida ya ji ko za su ji, in kuma shi ya riga ka cewa a gaida gida, ko kai kaɗai kake zaune a ɗakin haya a Kabuga amsar dai ita ce za su ji.